Giɓin kasafin kuɗi: daga aljihun wa ake cike shi?

Idan abin da gwamnati ta kashe a shekara ya zarce abin da ta tara, an samu giɓi ke nan. Duk inda aka ta da zancen, a Safo ta jihar Maraɗi ne ko a Yamai, sai ka ji wani ya ce ai sai a buga sabbin takardun kuɗi. Sai yaushe za a daina wannan magana? Nijar ba ta buga sefa! Bankin BCEAO da ke Dakar ne ke fitar da ita ga ƙasashe 8 na UEMOA, kuma mizanin ƙungiyar shi ne kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne bashi, tallafin waje, rage kashewa ko ƙarin haraji.

Rage kashewa kowa ya gan shi a 2023, lokacin da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar ya sa aka yanke kasafin shekarar da kusan kashi 40 cikin 100.

Haraji ne wurin tsayawa. Manomin gero a Safo ba shi da albashin da za a cire wani abu a ciki, don haka hukuma ke tare shi inda ba ya iya kaucewa, wato wurin saye. Kayan da suka biya duwan a Ɗan Isa, kan hanyar Katsina, da kuɗin duwan ɗin a cikin farashinsu suke isa kasuwa. Haka ma TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya.

A farkon 2005 gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora TVA ta kashi 19 cikin 100 a kan madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki. Ku duba lokacin: fari da fara sun ɓata damanar 2004, rumbuna sun ƙare da wuri, kuma jihar Maraɗi na cikin inda yunwar ta fi kama yara. A watan Maris ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin Nuhu Arzika, ya kira a rufe kasuwanni da shaguna, birane suka amsa. An kama shugabannin ƙawancen, amma mutane ba su ja da baya ba. A Afrilu gwamnati ta cire harajin daga madara da fulawa, ta sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da lantarki, ta koma neman kuɗin ta wasu hanyoyi.