Dutsen da Aka Jefa Sama Ya Ƙi Dawowa

A ƙarshen shekarar 1997, wani matashin masanin taurari mai suna Adam Riess, wanda ke aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ya sa kwamfuta ta lissafa masa nauyin duk abin da ke cikin sararin samaniya. Amsar da ta bayar ƙasa take da sifili. Kamar a ɗora buhun masara a kan sikeli ne, allura ta koma baya. Riess ya ɗauka kuskure ya yi, ya shafe makonni yana neman inda lissafin ya goce, bai samu ba. Ashe tambayar ce aka gina a kan zaton da ba haka yake ba.

Zaton ya samo asali ne tun 1929, lokacin da Edwin Hubble ya auna garkunan taurari masu nisa, waɗanda masana ke kira galaksi, da madubin hangen nesa na Dutsen Wilson. Ya ga kusan dukansu nisantar mu suke yi, kuma wanda ya fi nisa ya fi sauri. Shekara biyu kafin haka wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga ya fito da wannan ta hanyar lissafi, sai dai ba a saurare shi da wuri ba. Yadda ake ganewa yana da sauƙi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi babbar mota ta wuce tana oda ya san muryar kan yi kauri da zarar motar ta ba shi baya. Haka haske yake, idan mai fitar da shi yana nisa, launinsa kan karkata zuwa ja. Kuma ba gudu garkunan ke yi a cikin fili ba, filin ne da kansa yake miƙewa, kamar kwaɓin burodi da aka barbaɗa wa riɗi yana kumbura, kowace ƙwaya tana ganin 'yan'uwanta na matsawa.

Daga nan kusan kowa ya amince cewa wannan faɗaɗa dole tana raguwa. Komai mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, shi ya sa dutsen da yaro ya jefa sama yake rage gudu. Abin da ya rage a auna kawai shi ne yawan birkin. Ƙungiyoyi biyu suka shiga tseren aunawa: ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter a Berkeley, ɗaya ƙarƙashin Brian Schmidt a Ostareliya, wadda Riess yake ciki.

Dabararsu ita ce ta fi burge ni a labarin. Matafiyin dare da ya hango fitilar mai shayi zai iya ƙiyasta sauran tafiyarsa, domin ya san ƙarfin irin wannan fitila; dusashewarta ita ke gaya masa nisa. Masana sun samu irin wannan fitila a sama. Akwai wani nau'in tauraro da man sa ya ƙare, ya ƙanƙance ya zama kamar girman duniyarmu. Idan yana da maƙwabci yakan riƙa zuƙar kayan jikinsa, har nauyinsa ya kusanci ninki 1.4 na rana, sai ya tarwatse. Hasken wannan fashewa, da ake kira sufanoba, kusan ɗaya ne a ko'ina, kuma na 'yan makonni yakan yi gogayya da hasken garke guda. Wahalar ita ce ba ta da alƙawari. A garke ɗaya sai a yi ɗaruruwan shekaru ba a ga ko guda ba. Don haka sukan ɗauki hoton dubban garkuna, su dawo bayan kamar mako uku su sake ɗauka, su nemi ɗigon hasken da babu shi a da.

Ƙungiyar Schmidt ta tsaya a kan fashewa 16 masu nisa, ta Perlmutter ta fito da 42. Duka biyu suka ga fitilun sun fi dusashewa fiye da yadda ya kamata, wato sun fi nisa. Ma'anar haka ita ce faɗaɗar ƙara wuta take yi. Dutsen da aka jefa sama, maimakon ya rage gudu, sai ya ƙara mai. Da ƙungiya ɗaya ce ta faɗa da an yi mata dariya, amma kishiyoyi biyu da ba sa raga wa juna sun zo da magana ɗaya. A 2011 aka ba Perlmutter da Schmidt da Riess lambar Nobel.

To me ke turawa? An raɗa masa suna "baƙin makamashi", kuma a gaskiya an yi suna ne tun ba a ga jariri ba. Baƙin nan ba launi ba ne, duhun kai ne namu. Awon da tauraron ɗan'adam na Planck ya yi ya nuna shi ne kusan kashi 68 cikin ɗari na abin da sararin ya ƙunsa. Kashi 27 wani abu ne daban mai nauyi da ba ya haske, shi ma ba a kama shi ba. Taurari da duwatsu da teku da ni da kai, dukanmu kashi 5 ne.

Bayani mafi sauƙi tsohon abu ne. A 1917 Albert Einstein ya cusa wani harafi, lamda, cikin lissafinsa don sararin ya tsaya cik, ya janye shi bayan an gano ba a tsaye yake ba. Yau an kakkaɓe masa ƙura. Fassararsa ita ce fili fanko, wanda aka kwashe komai daga cikinsa, yana da nasa ƙarfi. Ƙarfin kaɗan ne ƙwarai: a fili mai girman duniyar nan tamu, idan aka juya shi zuwa nauyi, kusan na ƙwayar gero ɗaya ne. Amma ba ya tsinkewa. Kayan sararin suna warwatsuwa, jan da suke yi wa juna yana rauni, shi kuwa duk sabon filin da ya buɗe da nasa rabon yake zuwa. Sararin ya shekara biliyan 13.8, kuma sai kamar shekara biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce turi ya rinjayi ja.

A nan ake yin ta. Idan aka ɗauko ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, wanda ya ci jarrabawa a gwaje-gwaje masu tsanani, aka lissafa ƙarfin fanko kai tsaye, amsar kan zarce abin da aka gani da ninki mai sifili kusan 120 a bayansa. Masana fiziks da kansu sukan kira shi hasashe mafi muni a tarihin fanninsu. Tushen rikicin shi ne ilimin Einstein na manyan abubuwa da ilimin ƙananan ƙwayoyi har yau ba sa ga maciji da juna idan aka haɗa su wuri ɗaya.

Ko saurin faɗaɗar ma ana jayayya a kai. Masu auna tsohon hasken farkon sarari suna samun kusan kilomita 67 a daƙiƙa a kowane tsawon da haske ke ci cikin shekara miliyan 3.26. Riess da abokansa, da ke auna taurari, suna samun kusan 73. Kowane ɓangare ya sake gyara mudunsa, tazarar ta ƙi rufewa.

Sabon abin da ya motsa majalisa ya fito daga Kitt Peak a jihar Arizona, inda na'urar DESI ke amfani da ƙananan hannayen inji 5,000 tana kama hasken garkuna a lokaci guda. A Maris na 2025 masu aikin suka ce bayanan garkuna da makamantansu fiye da miliyan 14, idan aka haɗa da wasu awon, suna nuna alamar baƙin makamashin yana raguwa da tafiyar zamani. In haka ta tabbata, lamdar Einstein ba ta isa ba, domin ita ba ta canzawa. A ganina a yi sannu. Alamar ba ta kai matakin da masana suka gindaya kafin su ce an gano abu ba, kuma ƙarfinta yana sauyawa gwargwadon jerin sufanoban da aka haɗa ta da su. Na'urar Euclid da Turai ta harba a Yulin 2023, da cibiyar Vera Rubin ta ƙasar Cile wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, su ne za su raba gardama.

Mai karatu kada ya tsorata cewa gidansa na miƙewa. Duniya da rana da garkenmu a ɗaure suke da juna, turin bai isa ya raba su ba. Garken Andromeda ma, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, matso mu yake yi. Wanda ya fita wajen gari da dare a watan Nuwamba, babu farin wata babu hazo, ya duba sama ta arewa, zai iya hango shi da idonsa kamar ɗan guntun hayaƙi.