Daga Gidan Kwano zuwa kasuwar aiki: abin da ake nema wurin sabon mai rubuta manhaja

Duk shekara, ɗaliban aji huɗu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kan bar harabar Gidan Kwano su tafi horon sanin makamar aiki na wata shida, wanda aka fi sani da SIWES. Da yawa daga masu karatun kwamfuta kan bi hanyar Suleja su nufi Abuja, riƙe da takarda daga kawu ko wani aminin uba, su sami gurbi a ma'aikata. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati: a ba yaro kujera a lungu, ya riƙa kai fayil yana kwafar takardu, ranar ƙarshe a sa masa hannu a littafi.

Ga mai son zama marubucin manhaja, wannan asara ce babba, domin kasuwar da zai shiga ta daina haƙuri da ɗanyen hannu. A watan Satumban 2019 kamfanin Andela, wanda ya yi suna wajen horar da matasan Afirka yana haɗa su da kamfanonin ƙetare, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, bisa hujjar cewa masu ba shi aiki ƙwararru suke nema. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 kuma, ƙirƙirarriyar basira ta soma yin irin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya gwada hannunsa. A ɗaya gefen, masu neman gurbin sai ƙaruwa suke yi. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da mutum miliyan 3, kuma rukuninsa na farko kaɗai mutum 30,000 ne. Takardar shaida, ko ta jami'a ko ta kwas, yanzu tana hannun kowa.

Abin da ke bambanta mutum shi ne aiki guda da ya gama, wanda wani ke amfani da shi. Gama aiki ya fi fara shi wuya nesa ba kusa ba, kuma a nan yawancin masu koyo suke tuntuɓe. Wannan mako Python, mako mai zuwa JavaScript, wata na gaba wani sabon abu da aka gani a YouTube. Kwamfuta cike da darussan da aka kai rabi. Ya fi alheri mutum ya riƙe harshe ɗaya na tsawon shekara, ya haɗa da SQL don sarrafa rumbun bayanai, da Git don adana tarihin abin da ya rubuta, sannan ya nemi matsalar da ke kusa da shi. Minna ba ta rasa su ba. Ga ɗan kasuwa a Kasuwar Kure da ke rubuta bashin abokan ciniki a littafin da ruwa ya taɓa, ga makaranta mai zaman kanta a Bosso da ke lissafin kuɗin zango da hannu. Wanda ya yi wa ɗayansu ƙaramar manhaja zai gamu da abin da babu darasin da zai koya masa: wayar mai shago tsohuwa ce, intanet na ɗaukewa a tsakiyar ciniki, an rubuta sunan mutum ɗaya da haruffa iri uku, kuma ranar da lissafi ya ɓace shi za a kira da dare. Wata uku na irin wannan wahala sun fi kwas biyar nauyi a gaban mai ɗaukar aiki, musamman idan rubutun yana GitHub inda za a iya dubawa.

(Batun wuta kuwa, a jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, abin dariya ne da ba ya ba da dariya. Sauƙin dai shi ne Git na aiki ba tare da intanet ba, kuma ana iya sauke littafin bayanin Python gaba ɗaya a karanta a kwamfuta.)

Akwai kuma fasahar da ba a cika ambata ba, wato karanta abin da wani ya rubuta. Sabon ma'aikaci ba kasafai ake ba shi fili ya gina daga tushe ba. Tsohuwar manhaja ake miƙa masa, wadda mai ita ya bar aiki tuntuni, a ce ya gano inda take kuskure. Wanda ya saba karɓar amsa daga ƙirƙirarriyar basira yana liƙawa ba tare da ya fahimta ba, a wannan rana asirinsa ke tonuwa. Amfani da ita ba laifi ba ne, muddin mutum zai iya bayyana kowane layi da bakinsa.

A nan ne darakta ko mataimaki na musamman da aka kawo wa ɗalibi yake da abin yi. Kusan kowane sashe yana da rajistar da har yau ake cikawa da biro, ko jadawalin Excel da mutum ɗaya kaɗai ya san kansa. A ba ɗalibin ɗaya daga ciki, a haɗa shi da jami'in sashen kwamfuta da zai duba aikinsa sau ɗaya a mako, a kuma ba shi bayanan gwaji maimakon na ainihi, tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin sirrin mutanen da ke cikin fayilolinsa. Idan ofishin ba shi da mai duba masa aiki, gara a faɗa wa kawun gaskiya tun ranar farko, a taimaka wa yaron ya sami ƙaramin kamfani a Abuja ko Kaduna, ko da ba a biyan alawus mai yawa, kafin wata shidan su soma tafiya.