Hawainiya Ba Munafuka Ba Ce

Da damina, in ciyawa ta yi kore, mai tsinkar rama yakan miƙa hannu sai ya ga ganye ya buɗe ido. Hawainiya ce. Ta maƙale a reshe da yatsunta da suka haɗe biyu a gefe guda, uku a ɗaya gefen, jela a nannaɗe. Ido ɗaya na duban gaba, ɗayan na waiwaye. Mai jan kunnen abokin faɗa da "hawainiyarka ta kiyayi ramata" ya san inda ake samunta.

Aikin hanya in ya ƙi ƙarewa, sai a ce yana tafiyar hawainiya. Amma rangajin nan nata dabara ce: tana kwaikwayon ganyen da iska ke kaɗawa, don kada shaho ya gane ta, kada fara ta tsorata. Sannu ba ta hana zuwa. Saurinta a harshe yake. Tana ɗana shi a baki kamar danƙon harbin tsuntsu, in ta sake shi kafin ƙiftawar ido ya cafko ƙwaro daga nisan da ya fi tsawon jikinta.

Babban zargin da ake mata shi ne rikiɗa. Ɗan siyasa in ya cika sauya sheƙa, ita ake tunawa. A 2015 masana a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan suka bincika fatar wata hawainiyar Madagaska, tsibirin da ke da kusan rabin nau'o'inta fiye da 200. Sun tarar da ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi jere a cikin fatar. Hasken rana, ko da yake fari muke ganinsa, yana ɗauke da dukan launukan bakan gizo. In hankalinta a kwance yake, ƙwayoyin suna matse da juna, sai su dawo da shuɗi, shuɗin ya ratsa ruwan ɗorawar da ke fatar, mu ga kore. In ranta ya ɓaci ko namiji ya hangi abokin hamayya, sai tazarar ta buɗe, ruwan ɗorawa da ja su fito. Da sanyin safiya kuwa takan yi duhu, domin baƙi ya fi shan zafin rana.

Ashe abin da ke cikinta ne take bayyanawa a jiki: fushi, tsoro, neman aure, jin sanyi. Munafuki ɓoye nasa yake yi.

Duk da haka ana tsoronta. Yara na jifanta wai cizonta na kisa, 'yan magori na shanya busasshiyarta a kasuwa. Alhali ba ta da dafi, kuma fara da ƙudan da take ci taimakon manomi ne. In ka gan ta tana tsallaka hanya, ka ɗaga ƙafa ka bar ta ta wuce.