An Rufe Aji An Buɗe Fili: Wannan Ba Ya Nufin Korona Ƙarya Ce

Akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a majalisu da zaurukan WhatsApp. Da an ambaci korona sai wani ya gyara zama ya ce ai Amurkawan da suka fi kowa kururuta ta su suka tona wa kansu asiri: a 2020 sun sallami ɗalibai daga jami'o'i wai a yi karatu ta intanet, amma ga 'yan ƙwallon jami'o'in nan a fili suna kokawa da juna, ana haskawa a talabijin. In cutar gaskiya ce, wa zai bari? Daga nan sai a yanke hukunci cewa duk dokar da likita ya kafa a lokacin annoba wasan kwaikwayo ce. Na gaji da jin wannan zance. Farkonsa gaskiya ne, ƙarshensa kuwa shi ke kai mutane kushewa.

Ƙwallon da ake nufi ita ce zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake sa hular kwano ana turereniya, hukumar NCAA ce kuma ke kula da ita a jami'o'i. Kada a ji an ce ɗalibai a zaci wasan motsa jini ne na bayan la'asar. Filin Jami'ar Michigan na cin mutum sama da 107,000, alhali babban filinmu na Abuja 60,000 ne da 'yan kai. Rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten yana raba wa tsofaffin membobinsa fiye da dala miliyan 50 kowace a shekara, akasari kuɗin talabijin ne. A 2020 kocin Jami'ar Alabama na lokacin, Nick Saban, yana ɗaukar kimanin dala miliyan 9 a shekara. Su yaran da ake karya wa ƙashi kuwa a wancan lokacin ba su da albashi, sai gurbin karatu kyauta da ci da kwana.

A watan Maris na 2020 jami'o'i suka koma koyarwa ta kwamfuta, NCAA ta soke babbar gasar ƙwallon kwando ta shekara, kuɗin da za ta raba wa jami'o'i ya faɗo daga wajen dala miliyan 600 zuwa 225. Ido ya raina fata. A watan Mayu shugaban hukumar, Mark Emmert, ya nuna cewa jami'ar da ba ta buɗe wa ɗalibai ba ba za ta yi wasa ba. Maganar tana kan hanya, domin sun shekara aru-aru suna cewa 'yan wasan nan ɗalibai ne kamar kowa, shi ya sa ma ba a biyan su. Rukunin su Harvard da Yale ya tsaya a kan wannan, ya soke wasannin kakar tun 8 ga Yuli. Rukunonin Big Ten da Pac-12 suka ɗage nasu ranar 11 ga Agusta, likitocinsu na tsoron kumburin zuciya da cutar kan bari. Rukunonin SEC da ACC da Big 12 suka ce su kam za su buga.

To ga inda mai yaɗa jita-jita ya kamata ya kasa kunne. Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta buɗe ajujuwa a watan Agusta. Mako guda kacal, ɗalibai kusan 130 suka kamu, ranar 17 ga wata ta mayar da karatu intanet, aka shiga kwashe kaya daga ɗakunan kwana. 'Yan ƙwallo suka zauna. Kocinsu, Mack Brown, bai ma ɓoye ba: ya nuna tafiyar sauran ɗaliban za ta taimaka wajen killace 'yan wasansa. Wato karatun nesa da aka ce zai kashe ƙwallo shi ya share mata fage. Babu cunkoson aji, babu haɗuwa da dubban mutane a ɗakin cin abinci. Yaro ya fito atisaye, ya buɗe kwamfuta a ɗakinsa ya saurari lacca, ya koma fili. Wannan ba aikin wanda ya raina cuta ba ne. Aikin wanda ya yarda da ita ne ɗari bisa ɗari, ya kawar da kowa daga hanya don ya tsare jarinsa.

Kuma wa ya ce cutar ta ƙyale su? Fitaccen ɗan wasan Jami'ar Clemson, Trevor Lawrence, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kiran a bar su su buga, ya kamu a ƙarshen Oktoba, bai buga babban wasansu da Notre Dame ba. Saban da kansa ya kamu, yana gida aka yi karawarsu da Auburn. Wasan Ohio State da Michigan, wanda ba a taɓa tsallake shi ba tun bayan 1917, an soke shi saboda cutar ta shiga ƙungiyar Michigan. Wasanni fiye da 100 aka soke ko aka ɗage. A Jami'ar Vanderbilt killacewa ta cinye masu bugun ƙafa har sai da aka ɗauko Sarah Fuller, mai tsaron ragar ƙungiyar tamaula ta mata, ta buga musu. Jaridar New York Times ta ƙirga sama da mutum 6,600 da suka kamu a sassan wasanni na manyan jami'o'i kafin shekarar ta ƙare. Babban wasan da ake kira Rose Bowl ma sai da aka ɗauke shi daga Kalifoniya aka kai Texas.

Mai cewa ya gani da idonsa a talabijin, me ya gani? A filayen Big Ten ba a sayar wa jama'a tikiti ba. Kawunan da kyamara ke haskowa a kujeru hotunan kwali ne da magoya baya suka biya kuɗi aka kafa musu, ihun da ake ji kuma na'ura ce ke sakinsa ta lasifika. Da Big Ten ta janye matsayinta ranar 16 ga Satumba, sharaɗinta shi ne a riƙa gwada kowane ɗan wasa kullum, wanda ya kamu ya zauna kwana 21, a kuma duba zuciyarsa kafin ya dawo. Ka ga mai iyo ya tsallake kogi sai ka faɗa, ba ka san akwai kwalekwale biye da shi ba. Akwai siyasa ma a ciki, shekarar zaɓe ce, har Shugaba Trump ya buga wa shugaban Big Ten waya, ga iyaye da 'yan wasan da suka matsa.

Abin da shekarar ta tona ba ƙaryar cuta ba ce, ƙaryar cewa waɗannan yara ɗalibai ne kawai ita ta tonu. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta kayar da NCAA a wata shari'a kan haƙƙin 'yan wasan da ake kira Alston, daga 1 ga Yuli kuma aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu.

Jama'a, mu ji tsoron Allah a kan abin da muke turawa. Korona ta lafa, amma mashaƙo ya yi mana ɓarna a Kano da maƙwabta a 2023, kwalara ba ta fashin damina, sanƙarau na jiran zafi. Duk ran da aka ce a rufe makaranta ko a kai yara riga-kafi, za a sake fito da irin wannan hujja: ai kasuwa a cike take, ai gidan kallo bai rufe ba, ai 'yan siyasa na taro. Kafin ka yarda, tambayi kanka wa ke cin riba da buɗewar wurin, wane tanadi suke da shi wanda kai ba ka da shi, mutum nawa suka kwanta da ba a nuna maka ba. Kada ka tura bidiyon da ba ka san ranarsa da wurinsa ba. In wani ya turo, nemi ya faɗi inda ya samo, ko da yayanka ne. Maganar cuta a tambayi ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa, ba mai sharhin ƙwallo ba.

Iyayen da 'ya'yansu ke karatu ta intanet, ku daina ɗaukarsa hutu kuna aiken yaro cefane a tsakiyar lacca. Ku ware masa lokaci da data da wurin cajin waya. Mu a 2020 ko wannan ba mu samu ba a jami'o'in gwamnati, yajin aikin ASUU ya ci daga Maris har Disamba.

Matasan da ke mafarkin gurbin karatu na wasanni a Amurka, ku buɗe ido. A Yunin 2020 Jami'ar Ohio State ta ba 'yan wasanta takardar amincewa da hatsarin cutar su sa hannu, sai a watan Agusta NCAA ta hana jami'o'i tilasta wa yara yafe haƙƙinsu. Jami'ar Stanford, duk arzikinta, ta sanar da rushe wasanni 11 a Yuli, sai a Mayun 2021 ta janye. Don haka a tambaya a rubuce: gurbin na shekara nawa ne, wa zai biya asibiti in an ji rauni, me zai faru da karatu in an soke wasa. Dillalin da ya ce a kawo kuɗi tukuna a ga takarda daga baya, a rabu da shi. Kada wanda ya sa hannu a kan takardar da bai karanta ba, ko bai sa wani mai ilimin abin ya karanta masa ba.