Rabon Zangon Rediyo Tsakanin Ƙungiyoyi: Misali Daga Karaye Da Rogo

Da Bahaushe ya tashi raɗa wa ma'aunin rediyo suna, sai ya aro kalmar fatake, ya ce gajeren zango da matsakaicin zango. Aron ya dace, domin zango masauki ne, kuma ayari biyu ba sa sauka wuri guda ba tare da an yi cunkoso ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana yadda ake raba masaukin nan, musamman ga ƙungiyoyin da ke aiki da wayar oba-oba a karkara.

Dalilin zaɓen Karaye da Rogo shi ne kasancewarsu a bakin iyaka, Rogo ma tana maƙwabtaka da jihohin Katsina da Kaduna. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar salula a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi, saboda matsalar 'yan bindiga. Duk wanda ya ga haka ya san cewa rana na iya zuwa da 'yan sintiri da ma'aikatan lafiya ba su da abin dogaro sai rediyo.

To, iska ba ta da shinge. Idan na'urori biyu suka yi magana a kan mita ɗaya a lokaci ɗaya, ko dai saƙon ya dagule, ko kuma, a tsarin FM, mai ƙarfi ya haɗiye maras ƙarfi ɗungurungum. Abin ya fi muni a rediyon da ke aika bayanan kwamfuta ƙunshi-ƙunshi, domin kunnen mutum yana iya tsinto magana cikin hayaniya, amma ƙunshin da ya gurɓata sai dai a sake aiko shi. Norman Abramson da abokan aikinsa sun gwada wannan a Jami'ar Hawai a 1971, cikin tsarin da suka kira ALOHA, inda kowa ke aikawa sa'ad da ya ga dama. Lissafi ya nuna cewa abin da ke isa lafiya ba ya wuce kashi 18 cikin ɗari na abin da hanyar za ta iya ɗauka. Da aka yanka lokaci gida-gida, ba mai fara aikawa sai a farkon gida, sai ya kai kusan kashi 37. Watau ladabin jiran lokaci kaɗai ya ninka amfanin.

Daga baya aka koya wa na'ura ta saurara kafin ta yi magana, kamar yadda ake yi a gaban Sarki. Amma a nan akwai wani tarko. A ɗauka cibiya tana garin Karaye, wata ƙungiya tana wajen madatsar ruwa ta Challawa, wata kuma tana can ƙauyukan Rogo. Cibiya tana jin su duka, su kuwa ba sa jin juna saboda nisa. Kowace za ta saurara, ta ji tsit, ta aika, saƙonni biyun su yi karo a Karaye, alhali ba wadda ta karya doka. Maganin wannan shi ne a ba kowace ƙungiya mitarta, a bar ɗan fili tsakani kamar iyakar gona, sa'an nan a keɓe mita guda ta kiran gaggawa wadda ba a hira a kanta. Ƙungiyoyin da suka yi nisa da juna ƙwarai suna iya tarayya a mita ɗaya, muddin ba a ƙara wa na'ura ƙarfi fiye da bukata ba. A ganina a nan aka fi yin ɓarna: kowa yana so muryarsa ta fi ta kowa kaiwa nesa.

Rabon nan kuwa ba a zaure ake yanke shi ba. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda aka kafa a 1865, ita ke tsara shi tsakanin ƙasashe, kuma yarjejeniyar Janeba ta 1984 ce ta shimfiɗa rabon tashoshin FM daga megahaz 87.5 zuwa 108 a Afirka da Turai. A Nijeriya dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar kula da rabon mitoci, hukumar NCC tana ba kamfanonin waya nasu kason, NBC kuma tana ba gidajen rediyo, shi ya sa Freedom Radio ta Kano take zaune a 99.5 ba mai sauka a kanta. Ƙungiyar da ta sayo oba-oba a kasuwa ta murɗa inda ta ga dama, tana iya faɗawa kan mitar 'yan sanda ba ta sani ba, kuma mai sauraro daga daji yana jin duk abin da ta faɗa.