Maki Da Gyara A Ajin Zane

Ran da Malam ya komo mana da takardun zanenmu na fari, aji ya ɗauki gunaguni. Tulu ne aka ajiye mana bisa tebur, aka ce kowa ya zana abin da idonsa ya gani. Dukanmu tulun nan guda muka duba, amma wani ya sami maki 72, wani 45, wani kuwa bai kai 40 ba. Sai wani daga cikinmu, mutumin Tsanyawa, ya ce, "A lissafi in ka ce biyu da biyu huɗu ne, ba mai hana ka makinka. Shi zane fa, da wane mudu ake auna shi?" Tambayar nan ta cancanci amsa, gama mu da muke gunaguni yau, mu ne gobe za mu riƙe jan alƙalami bisa takardun 'ya'yan mutane.

Da muka zauna da Malam, sai muka tarar ashe akwai mudu, kuma abu huɗu yake aunawa. Na fari shi ne awo, watau tsawon tulu ya dace da faɗinsa, wuyansa ya dace da cikinsa. Don haka ne ake koya mana miƙe hannu da fensir, mu runtse ido ɗaya, mu gwada sashe da sashe. Nan galibinmu muka faɗi. Mun san bakin tulu zagayayye ne, sai muka zana shi kamar faifai, alhali daga inda muke zaune siffar ƙwai gare shi. Mun zana abin da muka sani, muka bar abin da muka gani. Na biyu, haske da inuwa: daga ina haske ya shigo, ina inuwa ta kwanta, domin su ne ke sa tulu ya fito da ciki kamar a ɗauka. Na uku, zaman zane a takarda, kada a maƙale shi a kusurwa kamar baƙo mai jin kunya. Na huɗu, tsabtar hannu, watau layi ya tafi sarai, ba a goge takarda har ta huje ba.

To, mudu ya samu. Amma ga inda gizo ke saƙa. A ƙa'idar kwalejojin horon malamai, wanda ya sami 70 ko fiye ya ci A, wanda ya kasa 40 ya faɗi. Mutum biyu suna iya samun 45, ɗaya don awonsa ya karkace, ɗaya don bai san inuwa ba. Maki ya haɗa su wuri guda, bai gaya wa ko ɗaya abin da zai yi gobe ba. Maki kamar sikelin mai sayen gyaɗa yake: yakan faɗi nauyin buhu, ba ya faɗin abin da ya hana gona yin kyau.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya yi makarantar allo a Tsanyawa ko ƙauyukanta ya san yadda ake yi. Yaro ya rubuta allonsa ya kawo, malam ya duba, ya sa yatsa bisa baƙin da ya ɓaci ko wasalin da aka tsallake, a gyara nan take, a biya, sa'an nan a wanke a ci gaba. Ba a taɓa rubuta wa yaro 45 a gindin allo ba, amma daga nan ake fitar da masu rubutu mai kyau da masu zayyanar allon sauka. Haka maɗinki yake yi wa yaronsa in ya karkata aska takwas a gaban riga, yakan ce ya warware daga nan zuwa nan. Ko makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da ta zo ga koyar da sana'a, gwanayen gari ta nemo su koyar da hannunsu.

Masu bincike kuma sun gwada abin. Cikin 1988 wata malama, Ruth Butler, ta kasa 'yan makaranta kashi uku, ta ba su aiki iri ɗaya. Kashin fari aka mayar musu da maki kaɗai, na biyu bayanin gyara kaɗai, na uku duka biyu. Da aka sake gwada su, masu bayani kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Abin mamaki, waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su fi masu maki kaɗai ba. Dalili kuwa mun san shi a jikinmu: da an miƙo takarda, ido yakan faɗa kan maki, sa'an nan a leƙa na maƙwabci, bayanin malam kuwa a naɗe shi a jefa aljihu.

Har wa yau, shi kansa mudun ba sauke shi aka yi daga sama ba. Cikin 1958 waɗansu 'yan ajin zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Maganarsu ita ce a koyi dabarun Turawa, amma a haɗa su da zanen gida, kada a yar da shi. Wannan ya shafe mu. Dagin da magini yake ɗorawa bisa ƙofar zaure ba shi da inuwa, haka zanen ƙwarya. In aka auna su da mudun tulu za su faɗi, alhali suna da nasu awo, watau daidaiton dama da hagu, da maimaita siffa ba tare da ta ɓaci ba. Saboda haka wajibi ne malami ya faɗi abin da zai auna tun kafin a kama fensir.

Ga shawarar da muka yanke. Mu da muke koyo, mu karanta bayani kafin maki, wanda bai gane ba ya ɗauki takardarsa ya je ya tambaya, kāna ya sake zana tulun. Kada a yaga tsohon zane, gama sai an jera na watan jiya da na yau ake ganin tafiyar hannu. In an kafa zanenmu a bango ana dubawa gaban jama'a, mu tuna takarda ake zance, ba mai ita ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ranar da aka tura mu ƙauye koyarwa kuwa, nauyin ya fi haka. Can za mu tarar da yaran da ba su da takarda sai ɗaya, da iyayen da ba su yarda da zanen abu mai rai ba. Sai mu ba su tulu, da rumbu, da garma, da zangarniyar gero, waɗanda ba mai ƙyamarsu. Mu faɗa wa kowane yaro abu guda da ya yi daidai, da abu guda da zai gyara, mu nuna masa da hannu a gefen takarda, ba bisa zanensa ba. Maki kuwa a ajiye shi cikin rajista har ya gama gyara. Yaron da aka zabga wa sifiri ran farko ba tare da kalma ko ɗaya ba, sau da yawa daga ranar yake ajiye fensir, ya ce shi ba shi da hannu. Wa ya sani, watakila gwanin garin ke nan muka kora.

Muna roƙon malamanmu su ƙara haƙuri da rubuta mana bayani, mu kuma mun ɗauki alkawarin karantawa. Allah ya sa mu dace, amin.