Anka, Gummi da Bukkuyum: Ido Na Kan Fim, To Jiki da Zuciya Fa?

A Kano ake dafa fim, amma masu cin tuwon suna warwatse a garuruwa da ƙauyuka. Tun zamanin da dillalan kaset ke ɗauko kaya daga Bata da Ƙofar Wambai, a loda a mota a bi ta Gusau, yammacin Jihar Zamfara na cikin wuraren da finafinan Hausa ke da masoya na haƙiƙa. Daga Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, a bi ta Daki Takwas zuwa Gummi, ko a karkata a shiga ƙasar Bukkuyum, da wuya a ga majalisar samari da ba a taɓa yin musu a kan Ali Nuhu da Adam A. Zango ba.

To amma akwai maganar da ba a cika yi ba a irin waɗannan majalisu, wato lafiyar shi kansa mai kallon. Jarumi na cikin waya yana tsalle yana rausaya, shi kuwa ɗan kallo yana kishingiɗe tun bayan isha'i har ƙarfe biyun dare. A wani wurin ana iya cewa lalaci ne kawai. A wannan yanki maganar ta wuce nan, domin ba da son ransu yawancin matasan suka zauna ba.

Yadda aka yi zama ya yi yawa

Can baya, saurayin Gummi ko Bukkuyum ba ya buƙatar wani ya ce masa ya motsa jiki. Da damina yana gona, da rani yana fadama ko bakin Gulbin Zamfara, ranar kasuwa kuma ya taka sayyada ko ya hau keke. Da kaka a buga kalangu a yi dambe, a yi kokawa. Ai ƙasar Zamfara ce ta fitar da Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙar da har yau ake saurare. Yara maza na langa a dandali, 'yan mata na gaɗa da farin wata. Kallon fim ɗan hutu ne bayan gajiya.

Da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar cikin Janairun 2000, sinimomi sun rufe, kallo ya koma cikin gida. Lokacin ne kuma Sangaya da Wasila ke tashe. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan aka koma wajen masu turi, a ba su memori su cika shi da finafinai. Zuwa 2020, da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka shigo, sai ya zama kowa da sinimarsa a aljihu.

A daidai wannan tsakanin ne matsalar 'yan bindiga ta tsananta. Gonakin nesa suka gagari masu su, tafiya tsakanin gari da gari ta koma sai da addu'a, wasan dare a dandali ya ja baya. Mutanen ƙauyuka da dama sun baro gidajensu sun tare a cikin garin Anka. A watan Satumbar 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a duk faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, makarantu ma aka rufe. A farkon Janairun 2022 aka kai munanan hare-hare a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Gummi kuwa a 2024 ta ga ambaliya a watan Agusta, wata guda bayan nan kuma kwalekwale ya kife da manoma a hanyarsu ta zuwa gona.

Saurayin da ba gona, ba kasuwa, ba makaranta, me ya rage masa? Waya da memori. Don haka babu mai ganin laifinsa idan ya rungumi fim. Gaskiya ma fim ya yi rana, domin ya ɗebe wa mutane kewa a lokacin da dariya ta yi tsada. Sai dai ɗebe kewa daban, magani daban.

Yaran 2010 sun girma

Akwai kuma wani tabo da wannan yanki ke ɗauke da shi wanda sauran wurare ba su da shi. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a wasu ƙauyuka bayan suma da jijjiga. Da aka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo su cikin gida a daka, a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanon abinci da hannun yara. Ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, sunayensu sun zaga duniya. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aka samu aka yi nata aikin.

Me ya kawo wannan magana a shafin 'yan kallo? Lissafi ne mai sauƙi. Yaron da bai kai shekara 5 ba a 2010, shi ne saurayin da ke tsaye a shagon turi a yau, ita ce budurwar da ke jiran sabon kashi na fim ɗin da take bi. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Wanda ya tsira yana iya tashi da saurin mantuwa, ko wahalar karatu, ko saurin fushi, kuma idan ya girma tana iya jawo masa hawan jini da ciwon ƙoda. Masoya finafinan Indiya za su tuna Taare Zameen Par na Aamir Khan da ya fito a 2007, labarin yaron da kowa ke kira daƙiƙi alhali lalura ce da shi. Lalurar wancan yaron daban ce, amma darasin ɗaya ne: kafin a yi wa aboki dariya don ba ya riƙe karatu, a tuna daga inda ya fito.

Haƙar zinare ba ta tsaya ba. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta kuma ɗage haramcin a ƙarshen 2024. Saurayin da ke wannan sana'a yana iya cewa ai shi kullum cikin aikin ƙarfi yake. Haka ne, amma ƙarfi a cikin ƙura mai guba ba lafiya ba ce. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna nanatawa ita ce: kada a kawo dutse cikin gida, a jiƙa shi kafin a niƙa, a yi wanka a sauya kaya kafin a shiga cikin iyali, a wanke hannu kafin cin abinci. Filin ƙwallo ma kada ya zama kusa da inda ake niƙa.

Bai kai tsawon fim ɗin Indiya ɗaya ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara da matasa daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Minti 150 fa! Kuch Kuch Hota Hai kaɗai ya fi haka tsawo. Wanda ke iya kallonsa a zama ɗaya, ba shi da hujjar cewa babu lokaci. Idan aka raba, minti 30 ne sau biyar a mako.

Matsakaicin motsa jiki shi ne wanda zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, gumi ya tsattsafo, amma mutum na iya magana. Amfaninsa kuwa a fili yake. Tsoka mai aiki tana cinye sukarin da ke cikin jini, zuciya na ƙara ƙarfi, hawan jini na sauka, barci na zuwa da wuri, sannan ƙunci na raguwa. Shi ya sa mutum kan ji wasai bayan ya buga ƙwallo, ko da an ci su.

Tunda daji ba ya shiguwa yadda ake so, dabara ita ce a yi amfani da ɗan filin da ya rage. A yi shi da rana, a cikin gari, kuma a ƙungiyance. Ƙwallo a filin firamare bayan la'asar, sassarfa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, hawan keke maimakon kabu-kabu idan tafiyar cikin gari ce, ko a farfaɗo da langa, wadda ba ta buƙatar ko sisi. 'Yan mata da matan aure ma ba a bar su a baya ba: tsallen igiya, gaɗa, daka da jan ruwa a rijiya duk motsa jiki ne, kuma a tsakar gida ake yinsu. Da bazara a yawaita shan ruwa. Mai sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ya fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya kafin ya ɗauko da zafi.

Su kansu taurarin da ake kallo ba a kwance suka samu abin ba. Rawar minti biyar da ake gani a fim, sau da yawa yini ake yi ana maimaita ta a lokeshan cikin rana. Kuma duk farin jinin ɗan wasa, ciwo ba ya jin kunyarsa. Industiri ta yi rashin Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014, ta yi rashin Sani Garba S.K. a Disambar 2021 bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansu. Rai na Allah ne, amma awon jini da na sukari a asibiti ba ya cin minti goma, kuma hawan jini kan daɗe a jiki bai nuna alama ba.

Ciwon da ba a gani

Ɗaya ɓangaren shi ne zuciya. Wanda ya kwana a daji yana gudu, ko aka ɗauke wani nasa, ko ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ba lallai ne abin ya bar shi don an kwana biyu ba. Wani ƙarar babur kawai zai ji gabansa ya faɗi. Wani mugun mafarki ke tashinsa. Wata kuma sai ta daina cin abinci, ta daina shiga cikin ƙawaye, komai ya fita daga ranta. Likitoci sun ce idan irin wannan ƙunci ya wuce mako biyu yana hana mutum harkokinsa, to ya zama ciwo, kuma yana da magani. Ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba ne.

A 2015 Deepika Padukone, tana tsakiyar tashenta, ta fito ta faɗa wa duniya cewa ta yi fama da ciwon damuwa har ta nemi taimakon likita. A 2016 Shah Rukh Khan ya fito a Dear Zindagi a matsayin mai sauraren masu damuwa yana ba su shawara. Idan masu kuɗi da suna irin waɗannan ba su ji kunya ba, ɗan Anka me zai sa ya ji?

Babban haɗarin shi ne gajeriyar hanya, wato ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya na ta'ammali da su. A shekarar ce kuma aka hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a ƙasar. Tiramol na ruɗin mai aikin ƙarfi cewa ya daina gajiya, alhali jin gajiyar kawai ya kashe, ga jijjiga da kamu da ke biyo baya.

Abin da ya fi shi ne a samu wanda za a faɗa wa, ko aboki na amana, ko yaya, ko malami. A riƙe addu'a, a kuma je asibiti, domin ɗaya ba ta hana ɗaya. Ana iya farawa daga babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Tun Janairun 2023 Nijeriya ke da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙi da mutunci. Duk wanda kuwa aka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Saƙo ga 'yan fim da 'yan kallo

A nan furodusoshi da daraktoci da marubuta na da nasu kason. An daɗe ana nuna mai taɓin hankali da tsumma da gwangwanaye, yara na binsa, 'yan kallo na dariya, ko kuma a ce asiri aka yi masa, a ƙare a gidan boka. Yaushe za a ga jarumin da damuwa ta kama, ya je asibiti, ya warke, ya auri masoyiyarsa? Yaushe za a yi fim a kan ɗan kokawa, kamar yadda Indiya ta yi Dangal da Sultan a 2016? Labaran suna nan jibge a yammacin Zamfara, kuma mutanen da ke sayen data don kallon finafinan nan sun cancanci su ga kansu a ciki.

Su kuma 'yan kallo, babu wanda ya ce a daina. A dai sa wa abin ƙa'ida: kashi ɗaya ko biyu a dare ya isa, a kashe waya a samu barcin awa bakwai zuwa takwas. Mai gidan kallo ya ajiye janareto a waje nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ankara ba. Majalisar da ke iya haɗa kuɗin turi, tana iya haɗa kuɗin ƙwallo. A buga bayan la'asar, a kalli fim bayan isha'i, sannan a duba a ga wane ne a cikin abokai ya kwana biyu bai fito ba, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Allah ya kawo zaman lafiya a Zamfara, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.